Mahaɗin Jirgin Ƙasa Ba Irin Na Jirgin Wasa Ba Ne

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani ƙarfe da kowa ke gani amma ba mai kula da shi, wato mahaɗin da ke tsakanin kan jirgin ƙasa da tarago, da wanda ke tsakanin tarago da tarago. Ni dai manomi ne, in rani ya yi kuma ina ɗan taɓa sayar da hatsi da albasa, karatuna bai wuce firamare ba. Amma garinmu a bakin dogo yake, kuma mun tashi tare da tsofaffin ma'aikatan reluwe waɗanda suka yi shekaru suna aikin shantin, ga shi kuma yanzu yara suna nuna mana abubuwa da dama a cikin waya. Daga nan na tattara abin da zan faɗa.

Dalilin wannan takarda shi ne, jiragen wasa masu batir sun cika kasuwanni, ana kawo su daga Sin, yaro ya shimfiɗa dogonsa na roba a tsakar ɗaki ya maƙala taragu uku da yatsa biyu, jirgi ya yi ta zagaye. To sai na lura har manya sun ɗauka na gaske ma haka yake, 'yar ƙugiya ce kawai aka saƙala. Shi ya sa za ka ga jirgin kaya ya tsaya ya tare hanya, mai talla da tire a kai ta taka mahaɗi ta tsallake, mai buhu ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashi, samari kuma su zauna a kai suna hira. Jama'a, kama da wane ba ta wane.

Bari in fara da na gaske. Duk tarago irin na zamani yana zaune ne a kan ƙananan kekuna guda 2 na ƙarfe, ɗaya gaba ɗaya baya, waɗanda ma'aikatan reluwe ke kira bogi. Kowane bogi na tarago galibi ƙafa 4 gare shi, na kan jirgi kuma yakan kai 6. Akwai wata ƙatuwar ƙusa a tsakiya wadda ta haɗa bogin da gangar jikin taragon, ita ce ke ba shi damar juyawa ya bi lanƙwasar dogo. To abin lura a nan, mahaɗi ba a jikin wannan bogi yake ba. A jikin ƙashin bayan taragon yake, wato wani kakkauran ƙarfe da ya miƙe daga wannan kai zuwa wancan kai a ƙarƙashin daɓen, irin abin da makanikai ke kira shasi a mota. A ƙarshen wannan ƙarfe akwai wani aljihu, a ciki ake zura wutsiyar mahaɗin, a bayanta kuma an cusa sifirin masu ƙarfi da faifayen roba da wasu ƙarafa masu gugar juna, domin su shanye fizga da karo. Ke nan in jirgi ya ja, ƙarfin yana bi ne daga ƙashin baya zuwa ƙashin baya har tarago na ƙarshe. Su ƙafafu aikinsu su ɗauki nauyi su bi dogo, shi ke nan.

A kan jirgi ma haka abin yake. Injin yana ba da wuta, wutar tana juya ƙafafun da ke cikin bogi, ƙarfin ya hau daga bogi zuwa shasi, daga shasi ya shiga mahaɗi. Shasin kan jirgi kuwa shi ne ƙarfe mafi kauri a jikinsa, a kansa injin da tankin mai da ɗakin direba suke.

Me ya sa aka yi haka? Mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. A ce jirgi ya ɗauko tarago 20, kowanne da kayan tan 40. Tan 800 ke nan, wato buhu 8,000 na masara mai kilo 100, ba a ma sa nauyin taragun kansu ba. Duk jan wannan kaya ta mahaɗi ɗaya yake bi, wanda ke bayan kan jirgi. In da a jikin bogi aka ɗaura shi, to duk fizgar nan a kan ƙusar tsakiya za ta sauka, sannan ta dinga murɗa ƙafafu tana danna su a jikin dogo. Ƙafar jirgi kuwa abin da ke riƙe ta a kan dogo ɗan leɓe ne wanda bai fi inci ɗaya da ɗan wani abu ba. Da ya haye, jirgi ya sauka.

Yanzu mu koma kan na wasa. A ƙasashen Turawa wannan abu ba na yara kaɗai ba ne, dattawa masu furfura suna kashe kuɗi mai yawa a kai, suna gina tasha da gada da duwatsu a cikin ɗaki. Akwai kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a, irin su Märklin a Jamus, da Hornby a Ingila, da Lionel a Amurka. A birnin Hambug na Jamus har akwai wani gida da aka buɗe a 2001 inda aka shimfiɗa irin wannan ƙaramin dogo wanda tsawonsa ya wuce kilomita 15, mutane suna biyan kuɗi su shiga kallo. Girman da aka fi yayi shi ne wanda aka rage komai sau 87, faɗin dogonsa milimita 16 da rabi, bai kai faɗin babban yatsa ba. Tarago ɗaya kuwa nauyinsa wajen giram 100 ne, kamar ƙwan kaza 2.

Matsalar masu wannan wasa ita ce wuri. Ɗaki ba daji ba ne, dole dogo ya lanƙwashe ya dawo a kan tebur. Ka ɗauka kamar akuya ce a turke tana zagaye, tsawon igiyarta shi ne ma'aunin kwanar. A jirgin wasa igiyar nan sau da yawa inci 18 ce. In ka ninka sau 87 domin ka ga yadda za ta kasance a na gaske, za ka samu wajen mita 40 kacal. Alhali kuwa a babban layin jirgi na gaske igiyar kwana ɗaruruwan mitoci ce, shi ya sa in kana cikin jirgi da ƙyar kake jin ya sha kwana. To dogon tarago in ya shiga matsattsiyar kwana irin ta tebur, hancinsa sai ya leƙa waje da dogo, shi ma na bayansa haka, in mahaɗan a jikinsu suke sai su kauce wa juna, ɗaya ya fizgo ɗaya su kife.

Dabarar da masu ƙera su suka yi ita ce, suka ɗauke mahaɗin daga gangar jiki suka manna shi a jikin bogi. Tun da bogi kullum yana bin dogo, to mahaɗin ma sai ya zauna a tsakiyar dogo duk tsananin kwana. Wasu kawunan jirgin na wasa har ƙirjinsu na gaba, da matakalarsa da komai, an yanke shi daga jiki an haɗa da bogi, in ya shiga kwana sai ka ga fuska ta nufi gabas haɓa ta nufi kudu. Ga arha kuma, domin bogi da mahaɗi a zubi ɗaya na roba ake fitar da su. Wannan dabara tana aiki ne saboda abin ba shi da nauyi. Ƙwai 2 ake ja, ba buhu 400 ba.

Duk da haka su ma masu wasan sun san aibinta. In jirgin yana ja gaba lafiya lau, amma da an ce ya yi baya yana tura taragu 10 ko 15, sai turin ya sauka a kan bogi ya karkatar da shi, ƙafa ta haye dogo. Saboda haka waɗanda suka ƙware suke yanke mahaɗin da aka sayo jirgin da shi, su ɗaura wani a gangar jiki cikin ɗan akwati mai siririn sifirin, daidai yadda yake a na gaske, su kuma faɗaɗa kwanar dogonsu ko da za ta cinye ɗakin. Wani kamfani a Amurka mai suna Kadee, na wasu 'yan'uwa biyu, ya shahara a kan irin wannan ƙaramin mahaɗi da ake kwance shi da maganaɗisu ba tare da an sa hannu ba.

Duk manomin da ya taɓa hulɗa da tarakta ya san wannan magana ko bai taɓa ganin jirgin wasa ba. Tirela mai ƙafa 2 wadda sandar janta ta fito daga shasi, direba mai ɗan hannu yana iya yin baya da ita har ƙofar rumbu. Amma tirela mai ƙafa 4 wadda aka ɗaura sandar a kan ƙafafun gaba masu juyawa, tana shan kwana da kyau in ana gaba, in an zo yin baya kuwa sai ta naɗe, sai an sauko ana ihu ana "yanke hagu, yanke dama". Ita ce irin jirgin wasa.

Kada wani tsohon ɗan reluwe ya karanta ya ce na yi ƙarya, akwai kawunan jirgi na gaske da mahaɗinsu ke jikin sashen ƙafafu. Irin wanda ake kira Garat, mai aiki da gawayi da tururi, wanda kamfanin Beyer Peacock na Mancesta ya ƙera, an kawo irinsa Nijeriya a shekarun 1930. Shi tukunyarsa a rataye take a tsakiya, injin ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne yana juyawa da kansa, mahaɗan kuma a ƙarshen waɗannan injina suke. A Ingila ma an yi wasu masu aiki da dizal daga 1958 waɗanda aka sa wa ƙugiya a jikin bogi. Sai dai waɗannan sassa an yi su ne da ƙarfe mai kauri tamkar shasi, tun farko domin ɗaukar jan aka zana su. Kawunan jirgin da muke gani yau suna ɗaukar fasinja da kaya, a shasi nasu yake.

Shi kansa bakin mahaɗin yana da tarihi, kuma da jinin talakawa aka rubuta shi. A Amurka a da, zobe ne da ƙusa. Ma'aikaci zai tsaya tsakanin taragu biyu, ɗaya yana tahowa, ya riƙe zoben da hannu ya saita shi a rami, ya zare hannunsa da sauri ya jefa ƙusa. In ya makara da ƙiftawar ido yatsu sun tafi, in ya yi tuntuɓe kuwa sai dai gawa. Wanda ya kawo maganin abin ba injiniya ba ne, wani akawun kanti ne mai suna Eli Janni a garin Alekzandiriya ta jihar Bajiniya, wanda ya riƙa sassaƙa samfurinsa da itace a lokacin hutun cin abinci. A 1873 ya sami takardar mallakar wannan fasaha. Siffar abin kamar ka lanƙwasa yatsun hannunka biyu ka saƙala su da juna, da taragu sun haɗu sai ya kulle da kansa, in za a kwance kuma akwai sanda a gefe da ake ɗagawa ba sai an shiga tsakani ba. Kamfanonin jirgi suka yi ta jan ƙafa saboda kuɗi, sai da majalisarsu ta kafa doka a 1893 ta tilasta musu. A 1892 haɗurran da suka auku wajen haɗa taragu sun kusa 11,000, zuwa 1902 sun dawo 2,000 da 'yan kai. Ni ɗan tireda, in na tuna mai jiran kanti ne ya yi wannan, har wani daɗi nake ji.

Wani abin da ya ba ni sha'awa, wannan yatsa mai lanƙwasa da ke bakin mahaɗin, shi kaɗai nauyinsa wajen kilo 35 ne, kuma da gangan aka yi shi ya zama shi ne zai fara karyewa in fizga ta yi yawa. Gara shi ya karye a canza cikin ɗan lokaci da a ce ƙashin bayan tarago ya tsage. Sannan akwai tiyon birki da ya bi ta kusa da mahaɗi daga tarago zuwa tarago, in jirgi ya rabu biyu tiyon ya tsinke, birki ya kama gaba da baya da kansa. A Turai kuwa har yanzu yawancin taragun kaya ƙugiya da sarƙa mai murɗawa suke amfani da ita, da wasu faifayen ƙarfe biyu a gefe masu tare karo, kuma sai mutum ya shiga tsakani ya rataya da hannu.

Mu a nan, dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Wannan tsohon layi faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, mahaɗinsa kuma guda ɗaya ne a tsakiya, shi ke ja shi ke tare karo. Da shi aka kwashe dalar gyaɗa da auduga da fatu zuwa Ikko. Sabon layi kuwa, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Ikko zuwa Ibadan na 2021, faɗinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne, taragunsa daga Sin aka kawo su da mahaɗi irin mai yatsun nan. Shi ya sa ba a ɗauko tarago daga tsohon layi a jona shi a sabo, faɗin ba ɗaya ba, mahaɗin ma ba ɗaya ba. Ga kuma layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai ratsa garuruwa da ƙauyuka da yawa waɗanda mutanensu ba su taɓa zama da jirgi ba. Su ma wannan magana ta shafe su.

To ga inda hatsarin yake, ya ku 'yan'uwana. Kowane mahaɗi yana da ɗan sarari, ga kuma sifirin da ke bayansa yana miƙewa yana takurewa. A ce sararin inci 2 ne kacal a kowace mahaɗa, jirgi mai tarago 30 ya tara inci 60, wato ƙafa 5. Ma'ana kan jirgi zai iya motsawa can nesa inda ba ka gani ba ka ji, taragon da ke gabanka yana tsaye cik kamar an dasa shi, sararin nan yana ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, sai kawai ka ji ƙarar ƙarfe ta taho kaf-kaf-kaf, kafin ka ɗaga ƙafa ta iso. Ba a hankali taragon zai motsa ba, fizga ce lokaci ɗaya. In turi ne, ƙafar da ke kan mahaɗi ta shiga tsakanin ƙarfe biyu. In ja ne, mutum ya faɗa kan dogo, ƙafafun bogi kuwa taku kaɗan ne daga wurin. Direba yana can gaba, tsakaninku ya fi filin ƙwallo 3, bai san kana nan ba, ko ya sani ma jirgi ba keke ba ne da za a taka birki ya tsaya nan take. Lokacin shantin ya fi muni, domin akan turo tarago shi kaɗai ya gangaro ba injin ba ƙara.

Na san abin da 'yar talla za ta ce. Jirgi ya tare hanya, kasuwa tana wancan gefe, in ta zagaya ta bayan taragu 30 kafin ta dawo ƙosai ya huce, wata ta riga ta sayar. Gaskiyarta ne, ni ma na san zafin ciniki ya wuce ka kana kallo. Amma iyaye mata da ke ɗora wa yara talla su ja musu kunne, su zagaya, kuma in sun zagaya kada su bi dab da tarago na ƙarshe, su ba shi tazara mai yawa, domin jirgi yana iya yin baya. Masu shiga jirgin fasinja na tsohon layi kuma su bar tsayuwa a tsakanin taragu don shan iska ko don gudun mai duba tikiti.

Mu manoma kuma akwai namu kason. Ƙarfen jan da ke bayan tarakta an sa shi ƙasa da gatarin ƙafafun baya ne da gangan, kamar yadda aka sa mahaɗin jirgi a inda ya dace. Amma sai ka ga mota ta kafe a laka da damina, an kira tarakta, yaron direba ya ɗaura sarƙa can sama kusa da kujera don wai ta fi kamawa. In abin da ake ja ya ƙi motsi, gaban taraktar ne zai tashi ta kife ta baya a kan direba, kuma abin ba ya kai daƙiƙa 2. Haka nan masu zura guntun rodi ko tsohon noti a madadin ƙusar tirela, ba makulli a ƙasa ba sarƙar tsaro, alhali tirelar cike take da mata da yara masu dawowa daga roron gyaɗa. Da an shiga gargada rodin ya yi tsalle ya fita, tirela ba ta da birkin da zai kama da kansa irin na jirgi. Masu walda da ke ƙera mana amalanken shanu su ma su riƙa zura sandar ja har cikin shasi su ɗaure da noti, su bar ɗan liƙa ta a baki da walda ɗaya.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ina kira ga hukumomin da abin ya shafa da su gina gadar ƙafa a tashoshin da kasuwa ke gefe ɗaya gari yana ɗaya gefen, kuma in jirgin kaya zai daɗe a tsaye a raba shi a daidai mararraba a bar wa jama'a hanya. A sabon layin da zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a tura ma'aikata su zauna da masu unguwanni da malaman makaranta tun kafin jirgi ya fara gudu, a kuma yi sanarwa a rediyo da Hausa ranakun kasuwa.

Naku mai karatu a kullum,
Manomi kuma ɗan tireda,
daga wani ƙauye a bakin dogo.